Wuƙaƙe Biyu a Ƙarƙashin Gadon Karamat

"Kai, Tanwir! Sauka ka yi ka bar shi yana tafiya?"

Ihun Karamat ne ya sa Dilawar ya jefar da tayar keken da yake wa faci, ya leƙo daga shagonsa da ke jingine da katangar filin wasan kurket. Injin yankan ciyawa na kulob, jan nan da ake hawa kamar ƙaramar tarakta, yana ta tafiyarsa shi kaɗai a giya, kujera wayam, wuƙaƙe na juyawa a ƙasa. Tanwir, ƙanin matar sakataren kulob, ya diro ne don ɗaukar wayarsa da ta faɗi. Injin kuwa ya miƙe sak zuwa famfon kusurwa, inda mata ke wanki, 'ya'yansu na birgima a ciyawa.

Karamat, tsohon da likita ya hana ko hawan bene, shi ya bi shi da gudu. Ya cafki bayan kujera, injin ya ja shi taku biyar, ya miƙa hannu ya murɗe makulli. Saura ƙiris! Sai ya zauna daɓas a ƙasa, hannu a ƙirji, leɓɓansa sun yi fari.

"Ɗaga min kujerar nan, Dilawar," ya ce yana haki.

A ƙarƙashin kujerar akwai wani ɗan maɓalli wanda ke kashe injin da zarar direba ya tashi. An tsinke wayoyinsa biyu, an haɗe su, an naɗe da baƙin salatif.

"Wane ɗan banza ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Tanwir, yana goge wayarsa a riga. "Ko ɗan rami na faɗa sai ya mutu. Ɓata min lokaci yake."

"Don kana tuƙa shi kamar jakin da aka sata! Ka zagaya filin ka tsince duwatsu kafin ka hau? Ka duba baƙin mai?"

"Zamaninku ya wuce, tsoho. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Shekara talatin da ɗaya Karamat ya yi yana kula da filin nan, kuma sha biyun ƙarshe a kan injin nan ya yi su. Wata biyu da suka wuce sakatare, Chaudhry Riyaz, ya rataya masa furanni a wuya, aka tafa, aka karɓe makulli aka ba Tanwir. Naka sai naka, ai. Abu ɗaya aka bar masa saboda babu wanda ya iya: shi yake kwance wuƙaƙen ya kai gida ya wasa, ya rataya kowacce a ƙusa ya ga ko ta rinjaya gefe.

Nan take a filin Karamat ya zare wayar fulogi, don bai taɓa kai hannu ƙarƙashin injin ba tare da ya zare ta ba. Ya karɓi sifana a hannun Dilawar, ya kwance wuƙaƙen biyu, ya zuba a buhu. Dilawar ne ya ɗauki buhun a kafaɗa ɗaya, tsohon a ɗayar, har gida.

Karamat bai sake fita ba. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, saboda haka Dilawar kan ji tarinsa tun da asuba, ya ji matar tsohon, Hajran, tana faɗa don ya ƙi cin gurasa, sai shayi kawai. Buhun yana ƙarƙashin gadon igiyar da yake kwance a tsakar gida.

Ran Laraba Chaudhry ya zo da kwandon lemo da murmushin da bai kai ciki ba. Ran Lahadi za a buɗe gasar kurket ta gunduma, ciyawar damina ta kai idon sawu, kuma irin waɗannan wuƙaƙen sai an yi oda daga birnin Lahore, sati biyu kafin su iso.

"Karamat, yaya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne. Kayanmu fa?"

"Suna nan, ranka ya daɗe. Na wasa su, gashi ma za su aske."

"To a ba yara su ɗauka."

"A gyara maɓallin kujera. A karɓe makulli daga hannun ƙanin matarka. Sannan a zo."

Murmushin ya ɗauke. "Yaushe mai shara ya fara gindaya wa kwamiti sharaɗi? Sata fa wannan sunanta. Zan iya turo 'yan sanda."

"Turo su. Su ɗauke ni da gadon, na huta da neman masu ɗaukar gawa."

"Haba, malam!" Hajran ta ce daga bakin murhu.

Chaudhry ya juyo ya dubi Dilawar, wanda ke raɓe a bakin ƙofa. "Kai kuma, mai faci, ka tuna katangar da shagonka yake jingine da ita ta wace ce." Ya fice, ya bar lemon.

Gaskiyar magana, Dilawar matsoraci ne, kuma shi ma ya sani. Mutum ne da ko an taka shi a kasuwa shi zai ce a yi haƙuri. Ya matso ya zauna a ƙafar gadon.

"Yaya, ka ba su mana. Me ya yi zafi? Kai ga halin da kake ciki."

"Ka ga 'yar Nazira mai wanki ranar nan? Wadda take rarrafe?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni na san abin da wuƙar nan take yi wa kwalbar lemo. Ba zan je gaban Allah in ce na miƙa ta ga mahaukaci don ina jin kunyar Chaudhry ba. In na tafi, buhun yana wuyanka."

"Ni? Faci fa na iya."

"Waya biyu ce, ragon banza. Ja da ja, baƙa da baƙa."

Ran Juma'a da hantsi, Dilawar na shirin fita shago, ya ji salatin Hajran ta kan katanga. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya shiga, har ta rufe masa idanu, shayinsa yana gefe ya yi sanyi. Dilawar ya yi kuka kamar yaro, bai ji kunyar kowa ba. Kafin masu wanka su iso, ya ja buhun ya tsallaka da shi gidansa.

Bayan sallar Juma'a aka ajiye makara a harabar masallaci, sahu bakwai cif. Kamar yadda aka saba, kafin a yi kabbara liman ya juyo ya ce duk mai wani haƙƙi a kan mamaci ya faɗa yanzu, ko ya yafe, kada a kai bawan Allah kabari da nauyin wani.

Yawanci "mun yafe" kawai ake ji. Amma ina! Chaudhry ya gyara murya.

"Akwai kayan kulob a hannunsa. Wuƙaƙe biyu. Amana ce."

Wannan ai wulaƙanta gawa ne, kuma kowa ya san dabarar: ya san babu iyalin da zai bari a binne nasu da amana a wuya. Dilawar ya tuna shagonsa. Ya dubi likkafanin, ya ga yadda tsohon ya koma ɗan ƙarami a ciki, sai wani baƙin ciki ya taso masa.

"Ba sa hannunsa!" Muryarsa ta fito da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. "Suna gidana. Liman, ka shaida, na ɗauke masa. Haƙƙin ya dawo wuyana, shi ya tafi fes."

"To ka kawo su yau," in ji Chaudhry.

"Ba zan kawo ba, ranka ya daɗe. Ƙanin matarka ya tsinke wayar da ke kashe inji, ya diro ya bar shi ya nufi yara. Gudun tare shi ne ya kwantar da mutumin nan. Ka ba ni makulli in gyara, in yanke maka filinka. In ba haka ba, ka rushe shagon, ku buga wasanku a cikin ciyawa da awaki."

"Gaskiya ne, 'yata na wurin," wani ya ce daga sahu na uku. Mijin Nazira ne. Sai gunaguni ya tashi, kowa ya juyo yana kallon Chaudhry. Liman bai juya ya fuskanci alƙibla ba. Jira yake.

Chaudhry ya daɗe yana kallon takalman mutane. Can ya miƙa wa Tanwir hannu ba tare da ya dube shi ba, ya karɓi makullin, ya cusa wa Dilawar a tafi.

"Na yafe," ya ce ciki-ciki. Aka yi kabbara.

Washegari Dilawar ya jira raɓa ta bushe. Ya zagaye filin da ƙafa, ya tsinto duwatsu da marafan kwalba da wani guntun ƙarfe. Ya zare wayar fulogi, ya ɗaura wuƙaƙen, ya warware salatif ɗin, ya mayar da kowace waya gidanta. Ya kori yaran famfo zuwa bayan katanga, sannan ya hau.

Layin farko ya fito a karkace, abin dariya. Da ya kai tsakiyar fili, sai ya riƙe sitiyari, ya miƙe tsaye a hankali. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya mutu.

Ya tsaya a haka cikin ƙamshin ɗanyar ciyawa. Daga can layinsu, ta kan katanga, ana jiyo muryoyin matan da ke karatun Alƙur'ani a gidan Hajran.