Manjo, Karen Na'Allah

A shekarun da kuɗin fetur suka fara ruɗa mutane, duk wanda gwamnati ta tura kwas Ingila da tsaraba yake dawowa. Wani rediyo, wani keken ɗinki, wani agogon bango. Ƙanena Na'Allah, malamin dabbobi a Kazaure, da kare ya dawo.

Ni ce Dela, yayarsa. Tun rasuwar mijina nake zaune a gidansa, don haka a gabana aka sauke akwatin katakon. Ana buɗewa sai ga wani abu ya fito kamar ɗan maraƙi, gashi fari da toka-toka tun daga kai har ƙafa, ya rufe masa ido ruf. Wallahi sai da ya yi haushi na gane inda gabansa yake.

Na'Allah ya ce, "Yaya, wannan ba irin karnukan bolar da kika sani ba ne. Karen kiwo ne, sunansa Manjo. A can shi kaɗai yake kora garke guda."

Na ce, "To, Allah ya sa alheri. Bargon kuma yaushe zai tuɓe?"

Ba don sha'awa ya ɗauko shi ba. Gwamnati na gina gandun tumaki a hanyar Gwiwa, ana neman wanda zai shugabance shi, ga gida ga mota. Mutum biyu ake magana, Na'Allah da abokin aikinsa Sheriff, wanda bai taɓa wuce Kaduna ba amma ya iya gaida manya. Na'Allah ya sa kujerar nan a ransa har ya rame. Ya gaji da duba bakin shanu a kasuwar Babura cikin rana. Lissafinsa shi ne, ranar da babban jami'insu ya zo daga Kano ya ga kiwon zamani da idonsa, magana ta ƙare.

Kiwon zamani kuwa a kaina ya sauka. Matar Na'Allah ta rantse ba za ta taɓa kare ba. Ta ware masa kwano, ta hana shi zuwa kusa da randa da buta da tabarmar salla. Shi maigidan ba ya taɓa komai sai igiya, ita ma sai in akwai masu kallo. Na zuba wa Manjo tuwo, ya sansana ya kau da kai kamar baƙon da aka raina. Sai shinkafa da romon ƙashi, ran Juma'a har da hanta. Ni da na goyi Na'Allah ban taɓa cin hanta a gidansa ba sai da layya.

Gashin ne azaba. Ya fita sau ɗaya ya dawo da ƙarangiyar rabin gari a jikinsa, kaska kuma ta samu gidan kwana. Kullum da hantsi in zaunar da shi ƙarƙashin darbejiya, in bi shi da matsefi daga wuya har wutsiya ina tsinewa Ingila. Da bazara ta shigo sai ya kwanta yana haki, harshe a waje, in jiƙa buhu in shimfiɗa masa. Da abin ya ishe ni na aika aka kira Lauwali wanzami. Ya shigo da zabirarsa, ya ga wanda za a yi wa askin, ya ja da baya.

Ya ce, "Haba Hajiya! Askar da na sa wa kare, wane mai iyali zai sake miƙo mini kan jaririnsa?"

Na'Allah ya ji labari ya fi wanzamin tashin hankali. "Yaya, in aka aske shi wa zai san daga Ingila yake?"

Kun ji damuwarsa. Sai na riƙa rage masa gashin ciki da almakashi a ɓoye, na goshin kuma na kama na yi masa kalaba biyu. Ranar na fara ganin idonsa. Ya dube ni da hankali irin wanda ban cika samu a gidan ba, tun daga nan na daina zaginsa da gaske.

Horo da sanyin safiya ake yi, a wani fili a gindin dutse, da 'yan tumakin da Na'Allah ya sayo a Roni. Tumakinmu makiyayi suka saba bi a baya, ba su san wani kare ya koro su ba. Ranar farko suna ganin Manjo suka watse, ɗaya sai a kan dutse aka kamo ta. Na'Allah ya yi ta busa usur yana ihu da Turanci. Karen ne mai haƙurin. Ya zagaya da nisa, ya yi ƙasa da ciki, ya matso a hankali, in sun firgita ya tsaya. Kafin damina ta sauka sun san shi. Busa ɗaya mai tsawo, sai ya tattaro duk wata dabba da idonsa ya gani ya kawo gaban mai usur. Wannan busar kaɗai Na'Allah ya damu da ita, don ita ce mai kyan kallo. Yadda ake sallamar kare daga aiki bai taɓa koya ba, in an gama sai ya ɗaura masa igiya ya ja.

A unguwarmu kuwa, kowace safiya kowane gida yakan kora awakinsa da tumakinsa wurin makiyayin unguwa. Da yamma ya dawo da su bakin gari ya sake su, kowace ta nufi gidansu da ƙafarta, ba mai raka ta. Na'Allah a cikin wannan ya girma. Wata shida a Ingila ya isa ya mantar da shi.

Babban jami'in, Alhaji Muhammadu Lawal, ya ce da safe zai zo. Irin na manya, sai bayan la'asar motarsa ta iso. Na'Allah ya kafa rumfa a filin ƙofar gida, ya jera kujeru, ga lemo ga biskit, ya sa kwat cikin wannan zafi. Sheriff ya zo kallo, wai, amma shi ya buɗe wa Alhaji mota, shi ya karɓi sandarsa. Ni ina soro ina leƙe.

Aka saki tumakin Roni can nesa. Na'Allah ya busa. Manjo ya tashi, gashi na kaɗawa, ya zagayo su ya kawo har gaban Alhaji a dunƙule, ya kwanta. Aka yi tafi. Gaskiya ni ma sai da na ji daɗi har cikin raina. Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Amma tafi ya shiga kan ƙanena, ya ce a sake watsa su. Ya cika kumatu ya yi busa mai tsawo, daidai lokacin da dabbobin unguwa suka shigo gari suna rarrabuwa.

Manjo bai san akuyar wane ba. An ce ya tattaro, ya tattaro. Ya bi lungu ya tare waɗanda suka yi gabas, ya dawo ya tare na yamma. Wata har ta sa kai a soron gidansu, ya shiga ya fito da ita. Kafin a ce me, awaki da tumakin unguwa kaf suna cikin rumfa. Suka cinye biskit, suka ture lemo, wani bunsuru ya hau kan motar Alhaji yana kallon jama'a.

Sai ga mata sun fito. A gaba Hajja Kaka ce, tsohuwar maƙwabciyarmu, da muciya a hannu.

Ta ce, "Kai Na'Allah ɗan Shatu! Ni na yanke maka cibi, yau ni za ka sa kare ya ɗauke wa akuya da rana tsaka? Ilimin da ka je ka karanto ke nan?"

Ta kama kunnen akuyarta ta ja. Ta yi taku kaɗan Manjo ya sha gabanta ya mayar da akuyar, ita ma Hajjar ya so ya haɗa. Na'Allah ya rikice ya yi ta busa, duk busar da ya yi karen sai ya ƙara matse su. Sai da Hajja Kaka ta fizge usur ɗin daga bakinsa ta jefa cikin zanenta. Da busa ta tsaya, Manjo ya kwanta yana haki, mata suka ja dabbobinsu suna Allah ya isa.

Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Kai! Rabon da in ga ma'aikaci irin wannan na manta. Malam Na'Allah, karen nan ya burge ni."

Kowa ya san abin da ake cewa in babba ya yaba kayanka. Kowa kuma ya san babban yakan yi godiya ya ce ka riƙe abinka. Na'Allah, da kwat ɗinsa da kashin awaki a takalmi, ya zube ƙasa.

"Naka ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce, "Madalla. Na karɓa, na kuma ba gandu. Sai dai za a buƙaci wanda ya san hannunsa."

Ƙanena ya ɗauka an gama ke nan. Ya shigo gida yana cewa, "Yaya, kin ji da kunnenki?" Na ji. Na kuma ga Sheriff yana goge wa Alhaji mota da hularsa. Na'Allah ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga, ya fara gaya wa matarsa irin labulen da za ta sa a gidan gandu.

Ba a daɗe ba magana ta fito. Sheriff ne shugaba. An ce gandu wurin hulɗa da jama'a ne, mutumin da matan unguwarsu suka bi da muciya ba zai iya ba. Kare kuwa ya riga ya zama na gwamnati, da bakin mai shi. Na'Allah aka tura ƙarƙashin Sheriff, mai kula da Manjo.

Ranar tafiya wata motar gandu ta zo da hantsi. Direba ya ce Alhaji ya ba da umarni a sa karen a gaba, kusa da taga, saboda zafi. Na kamo Manjo da kaina na hau da shi, ya sa hancinsa a tafin hannuna, na yi kuka ban ɓoye ba. Na'Allah ya hau baya da sabuwar rigarsa, ya zauna kan buhun dusa, bai dubi kowa ba.

Matarsa ta ganni ina share hawaye ta ce in yi haƙuri, Gwiwa ba nisa, ƙanena zai riƙa zuwa duk Juma'a.

Na ce da ita, "Shi dai zai zo. Karen fa?"