Shanyar Mal-sun ta Ƙarshe

Da can, in hunturu ya kama, ba ka samun wurin ɗaure jirgin ruwa a tashar garin. Wani kifi da ake kira miyante ke cika teku, mata na farke cikinsa suna ratayawa a sandunan shanya, ya daskare da asuba ya saki da rana har ya bushe. Daga baya teku ta ɗumama, kifi ya yi arewa, jirage suka bi shi. Mijin Mal-sun ya rasu, 'yarta ta yi aure a Busan. A layinsu na kan tudu saura ita da Ok-bun, ƙawarta tun suna 'yan mata.

Bana ma Mal-sun ta sayi kifin da ake kawowa daga Rasha, ta rataye a sandunan da mijinta ya kafa.

Ok-bun ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, kifin baƙi kike shanyawa? Ko yarenmu ba ya ji."

"Ke ma ba kya ji, ai ban jefar da ke ba."

Suka yi dariya. Sai Ok-bun ta sunkuyar da kai, ta ce ɗanta zai zo ya tafi da ita Seoul, gwiwoyinta sun gaji da hawan tudu.

Mal-sun ta ce, "To, ki je." Ta ci gaba da ɗaurin igiya.

Ta zuba ido tana jiran iskar dutse mai yanka kunne da za ta daskarar da kifin, shiru. Maimakon ƙanƙara sai yayyafi mai ɗumi, kwana da kwanaki. Kifi ya yi laushi, ya fara wari.

Ranar tafiya ta so ta ba Ok-bun busasshen kifi na guzuri, ta bi sandunan kaf ba ta sami mai kyau ko ɗaya ba. Haka ta fito hannu wofi.

Ok-bun ta riƙo hannunta ta tagar mota. "Yaya, ki riƙa cin abinci."

"Rufe gilashi, uwar surutu, za ki yi mura."

Da motar ta sha kwana, Mal-sun ta sauke kifin ta zuba a baro, ta tura shi gangare zuwa bakin tasha. Jirage biyu ne kawai a ɗaure, ba kowa a ciki. Ta juye kifin a ƙarshen gadar da ake ɗaure jirage, tsuntsayen teku suka yi caa a kai. Ta zauna a kan baron tana kallonsu, don ba abin da take sauri ta tarar a gida, har ruwan sama ya sake tsinkewa.