Hannun Hagun Lucius Tarver

"Ba zan janye hannuna ba, Fasto," in ji Odessa.

Fasto Gaines yana tsaye a ƙofar falo, hula a hannu, gumi na jiƙa masa wuyan riga. Ranar Yuli ta gasa garin Macon, fanka sai iskar zafi take juyawa. Odessa na zaune a hagun bencin piyano, maƙwabcinta tsoho Lucius Tarver, mai gidan, a dama, an tokare shi da matasan kai.

A zamaninsa a tsaye Lucius yake dukan piyano yana ihu, 'yan rawa na karya kujeru. Yana cikin na farkon da suka yi kiɗan rok-an-rol, kuma a kansa coci ta kore shi. Yanzu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, likita ya ce a mai da shi gida kawai. Abu ɗaya ya roƙa: ya sake jin waƙarsa na fita daga yatsunsa. Amma nauyin kiɗan a hannun hagu yake. Shi ya sa ya aika a kira Odessa, mai kaɗa piyanon coci, wadda ta karanto kiɗa a kwaleji.

"Yaya, ka ji tsoron Allah!" in ji ƙanwarsa Corinne daga ƙofar kicin. "Kana bakin kabari kana kiran Shaiɗan?"

"Shaiɗan ko tafi bai iya ba, Corinne," in ji tsohon da karkataccen baki. "Na san shi."

Ba wanda ya yi dariya.

"'Yar nan," Fasto ya ce a hankali, "hannun da ke kaɗa wa Ubangiji ranar Lahadi ba zai kaɗa wannan ba. In kika taɓa, ki ba ni makullin piyanon coci."

Odessa ta tuna mahaifiyarta, da yadda take zama a bencin gaba tana ɗaga kai duk lokacin da 'yarta ta fara kiɗa. Ta ciro makullin daga jaka, ta ɗora a kan piyano.

"Daga ina zan fara, Kawu?"

"Daga ƙasa, can ƙarshen hagu, malama 'yar kwaleji. Kada ki shafa shi kamar kyanwa. Doke shi!"

Ta doka. Tun tana ƙarama take jin wannan kiɗan ta bango, hannunta ya san hanya. Hannun tsohon na dama ya shigo yana tuntuɓe, muryarsa ta tashi a dushe. Fasto ya ɗauki makullin ya fita, ƙofa ta bugu.

"Kina sauri," in ji Lucius.

"Kai ne a baya, Kawu."

Ya yi dariya, ya jingina kansa a kafaɗarta. Ta ɗauka hutawa yake, ta ci gaba da riƙe masa kiɗan tana jiran ya dawo. Sai da Corinne ta taka kujera ta tsayar da agogon bango, kamar yadda ake yi in an yi mutuwa a gida, sannan Odessa ta gane ya cika.

Ranar binnewa wata daban ce ta kaɗa piyanon coci. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga koyon kiɗa a wurin Odessa, mahaifiyarta ta daina yi mata magana. Ba a sake miƙa mata makullin ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Da safiyar Lahadi takan zauna a barandar Lucius, waƙar coci na zuwa daga nesa, hannunta na hagu na motsi a kan gwiwarta.