Fayil ɗin Baba a Cikin Akuya

Daren jiya mafarki ya kai ni ofishin ba da izinin gini. Abin da na fara lura da shi agogon bango ne: hannu ɗaya gare shi, yana nuna "gobe".

Fayil ɗin Baba na je bi. Shekara uku ke nan da ya nemi izinin gina ɗaki biyu a filinsa. Bulon da ya saya har ya yi gansakuka, mai gidan da muke haya kuma ya ce mu tashi kafin damina.

A bayan tebur wata akuya ce da tabarau, tana tuƙa.

"Ranki ya daɗe, fayil ɗin Malam Hashimu."

"Na cinye," in ji ta.

"Kin cinye?"

"Ke 'yan mata, da me kike so in yi da shi? Ciki huɗu gare ni, kowanne sashe ne. Naku yana na biyu. Kar ki razana ni, ya koma na farko."

Ko a farke ban iya musu ba. Na ce na gode.

Sai ga ni gaban mai duba fili, wani bunsuru. Ya ce ba ya fita, don ruwan sama daga ƙasa yake tashi, yana jiƙa masa wando. Na je na naɗo filin kamar tabarma, na shimfiɗa masa.

Ya shinshina. "Ina ginin?"

"Ai izinin muke jira, Yallaɓai."

"Ba ma ba da izini sai mun ga gini."

"To mu fara?"

"Ku fara. Mu rusa."

Wata ƙadangaruwa ta leƙo daga ramin bulon Baba, ta ce su tun bara suka samu nasu, har da bene.

Can sai akuyar ta yi gyatsa. Fayil ya faɗo kan tebur a jiƙe, ga sa hannu, hatimi kawai ya rage. Baba yana tsaye kusa da ni, ban san yaushe ya zo ba. Ta dubi hoton da ke jikin fayil, ta dubi Baba.

"Wannan ba shi ba ne. Na hoton gemunsa baƙi."

Karo na farko na ɗaga murya. "Ai jiranku ne ya sa masa furfura!"

"A kawo sabon hoto, a faro daga ciki na farko." Ta sake haɗiye fayil ɗin.

Ƙarar cokali cikin gwangwani ce ta tashe ni. Na leƙa tsakar gida. Baba ne zaune gaban ɗan madubi, ragowar hoton da ya manna a fayil ɗin jingine a gefe. Yana kwaɓa baƙin rini, yana shafa wa gemunsa da tsohon buroshi.

Muka haɗa ido. Ya rufe gwangwanin, ya sa hula, ya tura kekensa ya fita.