Duman Inno

A shekarar da aka ce ruwan dam ɗin Bakolori zai cinye ƙauyenmu na ƙasar Maradun, ɗiyata ta uku, Saude, tana da wata shida, nonona kuwa ya fara ja da baya. Na kai ta asibiti Talata Mafara, aka ce in fara ba ta kunu, aka miƙo mini cokalin ƙarfe. Yarinyar nan ta datse baki, cokalin na taɓa dasashinta sai ihu. Maƙwabciyata ta ce in yi mata ɗura. Sau ɗaya na zuba kunu a tafin hannu na toshe mata hanci, ta shaƙe har idonta ya juye. Na rantse ban ƙara ba.

Inno, uwar mijina, sai ta nuna mini danga. A gidansu jariri ba ya fara shan kunu sai da ludayin duman da kakarsa ta shuka ranar suna. Na Saude yana nan rataye, ɗan ƙarami, wuyansa siriri, bai gama bushewa ba.

Sai ga motar kwashe mutane zuwa sabon matsuguni. Maigidana ya loda kaya, Inno ta shimfiɗa tabarma a gindin danga ta zauna. Ma'aikacin da ke riƙe da takarda ya zo, ya gaishe ta har da tambayar gajiya, sannan ya ce, "Gwaggo, ke kaɗai muke jira."

"Ku daina jira. Duma bai ƙosa ba."

"Kasuwar Talata ludayi birjik, ni da kaina in sawo miki goma."

"Wa ya shuka su? Gona kun amshe, gida kun amshe, ban ce komi ba. Wanga kam ba ni barin shi."

Maigidana ya yi ta roƙo, kunya ta ishe shi a gaban mutane. Ya juyo gare ni, wai in hau. Ni da ban taɓa yi masa musu ba, na dubi wuyan Saude da ya fara lanƙwasa don rama, na je na zauna kusa da Inno. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi tsoron yawa. Mota ta tashi, maigidana ma dole ya sauko da buhun gero guda.

Kwana takwas muka yi a kangon gari, kullum ruwa na ƙara matsowa ta fadama. Sannan Inno ta tsinke duman, ta tsaga shi biyu, ta kankare cikin, ta jiƙa kwana uku don ɗacin ya fita. Rana ta goma sha ɗaya ta goge bakinsa da dutse har ya yi santsi, na dama kunun gero mai ruwa-ruwa.

Muna cikin haka ma'aikacin ya dawo, wannan karon ba gaisuwa, da 'yan sanda biyu a bayansa. Inno ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ɗora ludayin a leɓen Saude ta jira. Yarinyar ta lasa, ta yamutsa fuska, ta kama wuyan ludayin da hannu biyu ta zuƙa. Na ji kunun yana wucewa a maƙogwaronta, hawaye suka zubo mini.

Sai da ƙoƙon ya ƙare Inno ta miƙe ta naɗe tabarma.

"Rubuta ga takardarka," ta ce masa. "Ba kai ka tashe mu ba. Ɗiya ta ci, munka tashi."