Allurar Barcin Malam Lawal

"Ba za a sake yi mini ba," in ji Malam Lawal, ya ture kofin kunun da matarsa Fanne ta ajiye masa. "Ki ce wa likitan ya ba wani gadon."

Fanne ta dubi ƙafafunsa. Sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Tsakuwa ce ta toshe masa ƙoda, dama da hagu. An ciro ta dama a asibiti a Nguru kafin a fara yankan shinkafa, likita ya ce a koma a ciro ta hagun da zarar ɗinki ya kame, in ba haka ba ƙodar za ta mutu ta ja shi. Ɗinki ya kame, shinkafa ta shiga buhu, amma Malam ya ƙi barin Gashuwa.

"Wuƙar kake tsoro, Malam?"

"Wace wuƙa? Ni da wanzami ya cire wa beli ina kallonsa? Allurar barcin nan ce."

Malam Lawal barkono yake sayarwa a kasuwa, da yamma kuma shi ke jan wazifa a zawiyyar unguwarsu. Tun yana saurayi shehinsa ya hore shi kada zuciyarsa ta saki ambaton Allah, ko yana awo, ko yana kwance. Ya riƙe wannan horo har furfura ta cika masa gemu. Fanne shaida ce, sau da yawa takan ga leɓensa na motsi alhali yana barcin rana.

"To ai barci ne," ta ce. "Kullum kana yi."

"Ba barci ba ne, Fanne. Mai barci in ya farka ya san an jima. Wannan kuwa, ma'aikaciyar nan ta sa mini allura, na ɗauko salati ban kai tsakiya ba, sai ga ni a wani ɗaki, fanka na juyawa, cikina a ɗinke. Tsakanin nan ko duhu babu. Duhu ai ganinsa ake yi. Ni ne babu. Babu zikiri, babu mai zikirin." Ya sassauta murya. "In mutuwa ta zo mini a can, wa za ta tarar? Wa zai yi shahada? Gara ta same ni a kan tabarmata da hankalina."

Ta kawo limamin unguwa, Malam ya kayar da shi da hujja. Ta kira ƙanensa daga Jakusko, suka rabu ba daɗi. An tambayi likita ko za a kashe masa rabin jiki kawai, ya ce wannan aikin ba ya yiwuwa haka. Da Fanne ta ga fuska ma ta fara tashi, sai ta yafa mayafi, ta ce za ta dubo jikarta, ta shiga motar Nguru.

Ta sami Sista Zinariya, wadda ta yi masa allurar, tana cin ɗanwake a bayan ɗakin tiyata.

"Wushe, Ya Fanne!" ta gaishe ta da Barbarci. "Ina mutumina mai gardama?"

Fanne ta zauna ta zayyana mata komai, sannan ta kama hannunta. "'Yata, da kuka kwantar da shi, bakinsa bai motsa ba? Ko yatsunsa, kamar mai jan carbi?"

"Da roba a maƙogwaronsa? Ko ɗaya. Shiru kamar buhun gero."

"To ki ce ya motsa. Kalma ɗaya ce, ki ceci rai."

Sista Zinariya ta ajiye cokali. "Ya Fanne, duk wanda zan kwantar, maganata yake riƙewa ya rufe ido. In na fara yi musu ƙarya, da me zan sake ce wa wani ya kwantar da hankalinsa? Ki kawo shi, zan zauna da shi. Amma wannan ba da bakina ba."

A hanyar dawowa Fanne ta yi ta juya abin. Kafin mota ta shiga Gashuwa ta yanke: in bakin Sista ya ƙi, nata na nan.

"Na je Nguru," ta gaya masa tana kwance ɗankwali don kada su haɗa ido. "Na ga mai allurar. Ta ce tun da take aiki ba ta taɓa ganin irinka ba. Wai tun da aka fara har aka ɗinke, leɓenka bai tsaya ba. Hailala kake yi."

Sai ta ga hawaye na bin gemun Malam.

"Ashe zikirin yana nan," ya ce. "Ni ne ban sani ba, amma yana nan. Alhamdulillahi! Kira Bilya, ya gaya musu a sa rana."

Fanne ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama. Ba ta lissafa da Bilya ba.

Bilya babban muridin Malam ne, magidanci mai motar ɗaukar barkono, kuma bakinsa ba ya riƙe ko gishiri. Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Katuzu. Kafin wata Juma'ar an ƙara masa kitse: wai likitoci sun ajiye wuƙa sun tsaya sauraro, wai wani ma'aikaci ya tuba a wurin. Zauren Malam ya cika, aka koma kiransa Shehu. Mata na aiko da ruwa a gora a tofa musu, masunta na kawo bandar kifi, wani tsoho ya zo daga nesa don kawai ya taɓa hannun da aka sa wa allurar. Malam ya sa aka ɗauko masa rawanin da ya daɗe a akwati. Fanne na kicin tana jin ana kabbara a zaure.

Ranar tafiya, suna cikin mota, Malam a gaba, ita a baya, Bilya ya ɗaga wayarsa yana murmushi.

"Ya Fanne, na cika ta da caji. Zan ba Sistar nan ta ɗauko mana muryar Shehu a cikin tiyata. 'Yan'uwa na jira, har na Damaturu."

"Ba a shiga da waya," ta ce da sauri.

"To ta maimaita mana da bakinta abin da ta gani, in ɗauka. Shehu ma ya ce zai yi mata godiya da kansa."

Fanne ta san Sista Zinariya ba za ta yi ƙarya ba. Malam zai ji gaskiya a bakin ƙofar tiyata, a gaban muridinsa, daga bakin baƙuwa. Sun wuce Jajimaji, fadama ta buɗe dama da hagu, ciyawar kacalla ta rufe ruwa, sai ta ce, "Bilya, tsaya. Sauka ka ba mu wuri."

Bilya ya dubi Malam, Malam ya ɗaga masa kai. Ya sauka ya koma gindin wata goruba.

"Malam, ƙarya na yi maka. Sista ba ta ce komai ba. Na roƙe ta ta faɗa, ta ƙi. Bakinka bai motsa ba."

Bai juyo ba. Ta ga bayan wuyansa kawai, da rawanin.

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Kin sa na karɓi kifin mutane a kan karamar da ba ni da ita. Kin sa tsoho ya sumbaci hannuna." Ya buɗe ƙofa da ƙyar, ya sauke kumburarrun ƙafafunsa ƙasa. "Bilya ya juya da mu gida."

Fanne ta fito ta zagayo ta tsaya a gabansa. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa tsaya masa a kai haka ba.

"Gida wurin me? Ka tambayi likita yadda ciwon nan ke ƙarewa? Ni na tambaya. Hankali yake fara ɗaukewa, mutum ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Ramin da kake gudu yana kan tabarmarka ma yana jira. Na Nguru dai ana fitowa daga cikinsa."

"Ke ba ki gane ba."

"Na gane mana. Ina bakin ƙofa ranar. Ka ce ba ka nan, to wa ya riƙe maka numfashi? Wa ya hana zuciyarka tsayawa?"

"Inji ne ya riƙe numfashin. Zuciya kuwa, ta akuya ma tana bugawa."

"To wa ya dawo da kai? Ka ce babu kai. Wanda babu shi ai ba ya dawo da kansa. Aka mayar da kai cif, da sunanka, da salatinka, har da gardamarka, ko ƙwaya ba ta zube ba. A hannun wa ka zauna kafin nan?"

Wata babbar mota ta wuce ta girgiza su. Can cikin fadama wani mutum a kwalekwale yana saran kacalla, yana buɗe wa ruwa hanya. Malam ya daɗe yana kallonsa.

"Tambayarki ba ta cike ramin ba," ya ce a hankali. "Har yanzu ban san inda na je ba."

"Ni ma ban sani ba."

"Amma bari in gaya miki abin da ya fi wannan muni." Ya kai hannu ya warware rawanin, ya ɗora a cinya. "Tun da zauren nan ya fara cika, na neme shi na rasa. Zikirin. Jiya ina tofa wa wata mata a gora, na leƙa zuciyata, ba komai a ciki sai lissafin mutum nawa suka zo, da wa bai zo ba. Idona biyu, Fanne. Ba allura, ba roba. Ina nan ɗungurungum, shi kuma ba ya nan."

Fanne ta tsuguna a gabansa.

"Na can, ɗauke ni aka yi, ba za a tambaye ni ba. Na zaure kuwa da ƙafata na tafi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shekara da shekaru ina zaton ni ke riƙe da shi kamar akalar raƙumi. Wai in na saki zai gudu."

"Yanzu ya za a yi?"

"Ban yafe miki ba tukuna. Sai na fito, in ji daɗin yi miki faɗa da ƙarfina." Ya ɗaga murya. "Bilya!"

Bilya ya taho da gudu, waya a hannu.

"Kira zawiyya. Ka ce musu babu wata hailala da na yi a tiyata, kwance nake kamar kowa. Wanda ya kawo kifi ya yafe mini."

Bilya ya zaro ido. "Shehu, ai tawali'u ne irin naku na manya..."

"Ba Shehu ba, Malam Lawal mai barkono. Ka faɗa yadda na faɗa, in ka ƙara gishiri zan ji."

Bilya ya dubi Fanne, ta kau da kai. Ya koma gefe yana danna waya kamar wanda aka aika gaisuwar mutuwa.

Malam ya ja ƙafafunsa cikin mota ɗaya bayan ɗaya.

"Tsoron bai tafi ba," ya ce, ba tare da ya dubi Fanne ba.

"Na gani."

"Zan yi shahadata kafin ta sa allurar. Abin da ya biyo baya ba aikina ba ne." Ya leƙa ta taga. "Kai Bilya, in ka gama kukan, zo ka ja mu. Kada mu sa mutane jira."

Fanne ta koma kujerar baya ta zauna. Sai da suka hango rufin gidajen Nguru ta lura ashe tun daga inda suka tsaya take riƙe da gefen rigarsa ta tsakanin kujeru, shi kuma bai ce ta saki ba.