Zare a Gicciye

"Wallahi ba zan ba da makullin nan ba," in ji Auta. Ta dunƙule shi a hannu, ta tokare ƙofar shagon mahaifinta. "Likita ya ce ko warin gam ɗin nan ya sake shaƙa, shi ke nan."

Tela, maƙwabciyarsu mai ɗinki, ta jingina da sandunanta. Ƙafarta ta roba ce ta jawo rigimar. Kwanon da dungulminta ke zama a ciki ya tsufa ya tsage, tun ranar kuwa take jibge a ɗakinta na sama kamar kayan wanki, ba yanka, ba ɗinki. Yayanta ya riga ya yanke magana: ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe ta har da keken ɗinkin, ta koma bayan gidansa ta zauna. Ita kuma ta rantse sai dai ya ɗauki gawarta.

Muryar tsohon ta fito ta tagar ɗakinsa da ke fuskantar shagon, a shaƙe, amma da sauran tsiwa.

"Auta, ba ta makullin."

"Haba Baba!"

"Ni likitan ya hana shiga ko Tela? Ki buɗe, ko in taso da robar iskan nan a hanci in ɓalle ƙofar."

Zai iya. Duk layin an san Baban Gam, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa masu dungu ƙafa da yadin zaren gilashi da ruwan gam, har ƙurar ta cinye masa ƙirji. Auta ta jefa makullin a kan benci tana hawayen haushi.

Suka jawo teburin bakin ƙofa inda zai riƙa gani. Tela ta zauna, ta kafa zubin dungulminta na farar ƙasa da ya yi tun kafin ya kwanta, ta sa safar hannu. Yanka yadi dai ba a koya mata. Ta fitar da falle-falle tsaf, ta dama gam yadda ya faɗa, ta shafa, ta shimfiɗa na farko, ta bi da na biyu da na uku, zare na bin zare, ko karkacewa babu. Har ta fara jin daɗin kanta.

"Ke! Riga kike ɗinka wa wa?"

"Me na yi kuma, Baba?"

"Duk kin jera su suna kallon gaba kamar masu jiran mota. Zare ta tsawonsa kawai yake da ƙarfi. Gam kuwa riƙo ne aikinsa, shi kaɗai ƙwas yake karyewa." Tari ya sarƙe shi, ya ɗaga hannu kada kowa ya matso. "Ke tafiya gaba kawai kike yi? Ba kya juyawa? Ba kya hawa bene? Ranar da kika murɗa jiki zai tsage miki gida biyu. Ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, biyu a gicciye. Ɓare su."

Ran Tela ya ɓaci. Tun tana yarinya ake buge mata hannu in ta yanka yadi a karkace, yau ga wani yana ce mata gyaran ne ɓarna.

"Baba, aikin banza zai fito, wallahi."

"Mummuna dai, amma zai kai ki kasuwa. Yi sauri, gam ba ya jiran mai gardama."

Ta ɓare su, gam ɗin ya fara kauri yana ja. Auta, wadda ta ce ba ruwanta, sai ga ta tana dama sabo, tana ƙunƙuni. Tela ta juya almakashi ta ratsa yadin a gicciye, zuciyarta na ƙi, hannunta na yi.

Da suka gama ya ce a kawo masa ya gani.

"Ba za a kawo ba," in ji Auta. "Warin fa, Baba."

"'Yar nan, ƙirjin ya riga ya tafi. Ki bar ni da idona."

Amma Auta da kanta ta ɗauka ta kai bakin tagar, ta kau da fuska. Tsohon ya juya shi a hankali, ya tsaya a wani ɗan farin tabo kusa da baki. Kumfar iska ce ta maƙale a tsakanin falle biyu, kuma daga irinta tsaga ke farawa. Ya sa babban yatsansa tsirara ya danne, ya tura ta har ta fita ta gefe.

"To," ya ce. "Yanzu yayan Tela ya zo da motar tasa mu gani."

Washegari da rana tsohon ya cika, kwanon yana kan tebur yana ƙarasa bushewa. Tela ta yi kuka har muryarta ta dishe. Bayan an watse daga zaman makoki, Auta ta buɗe shagon ba wanda ya roƙe ta, ta datse bakin kwanon, ta goge, ta ɗaura shi a kan tsohon ƙarfen ƙafar yadda ta sha ganin mahaifinta yana yi.

Ranar da yayan ya zo, ya hau benen yana haki, ya tarar da Tela tsaye a gaban teburin yanka, tef a wuya, sandunan a bayan ƙofa.

"Ba ki haɗa kayan ba?"

"Yaya, matsa min, kana tare haske."

Ta juya a kan ƙafar ta ɗauko alli, ta sake juyowa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauka.

Da ƙarar motar ta yi nisa ta zauna, ta ɗage zaninta zuwa gwiwa. Zaren na nan ta cikin gam ɗin, a gicciye, mummuna. Kusa da baki akwai ɗan lotsawa mai zanen yatsa. Ta ɗora nata a kai, na tsohon ya fi nata faɗi.